Allon Ƙofar Lauya: Tarihin Ayyukan Gidan Shari'a a Nijar

Wanda ya bi titunan unguwar Filato ko Tarminis a Yamai zai riƙa cin karo da ƙananan alluna manne a jikin katangu, ɗauke da sunan wani Metir da abokan aikinsa. Idan ya sa kai ciki, sau da yawa akan miƙa masa ƴar takarda mai ninki uku wadda ta jera abin da gidan ke iya yi wa mutum: kafa kamfani da yi masa rajista, rubuta yarjejeniyar ciniki, bin bashi da kama dukiyar wanda ya ƙi biya, haraji da duwan, ma'adinai da man fetur, saɓanin ma'aikaci da mai gidansa, filaye da gidaje, kare wanda ake tuhuma da laifi, sannan can ƙarshen jeri, aure da saki da gado. Manyan gidajen kan ƙara da cewa suna da abokan hulɗa a Abijan da Dakar da Wagadugu da Kotonu.

Takardar talla ce, amma mai bin diddigin tarihi zai tarar da abin karantawa a cikinta. Kowane layi yana da shekarar da ya shigo ƙasar nan da dokar da ta haife shi. Tsarin jerin ma yana da dalili. Abin da ya shafi kamfani da banki ya zo a sama, ya yi rassa; abin da ke kai manomin Tasawa ko bazawarar Madawa gaban hukuma ya zo a ƙasa, cikin kalma biyu ko uku. Wannan rashin daidaito ya girmi duk lauyan da ke raye yau, domin an dasa shi ne tun farkon ƙarni na ashirin.

Wakili a gaban alƙali

Kafin zuwan Nasara ƙasar Hausa ba ta rasa masu tsaya wa mutum a shari'a ba. A Damagaram ta zamanin Sarki Tanimun, wanda sarautarsa ta biyu ta kai daga 1851 zuwa 1884, alƙali na da mazauninsa kusa da fada, manyan laifuffuka kuwa na sarki ne. A Maraɗi da Tsibiri, inda sarakunan Katsina da na Gobir suka sake kafa gadon sarauta bayan jihadi, hukunci na gauraye da al'ada, sarki da ƴan majalisarsa ke yanke shi. Malaman da ke shari'a da littafi kuwa littattafan Malikiyya suke dubawa: Risala, da Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim wadda almajirai ke kira Asimiyya.

A cikin waɗannan littattafai akwai babin wakilci, kuma ƙa'idojinsa sun isa a tsaya a kansu. Mutum na da damar wakilta wani ya yi masa jayayya ko da abokin husumarsa bai so ba, amma mutum guda kawai zai wakilta. Idan ya riga ya zauna da abokin husumar kamar sau uku a gaban alƙali, ba shi da sauran damar janyewa ya turo wani, sai da uzuri irin na ciwo ko tafiya. Ba a kuma yarda ya ɗauko maƙiyin abokin husumarsa ya sa shi wakili ba. Duk wanda ya dubi waɗannan sharuɗɗa zai gane abin da malaman ke tsoro: kada mai ƙarfi ya tara masu baki ya danne mai gaskiya, kada kuma a mai da zauren alƙali wurin ramuwar gayya.

Sai dai wakilci bai zama sana'ar kowa ba. Ayyukan da takardar Yamai ta tattara a gida guda, a da rarrabe suke a hannun mutane da yawa. Malam ke rubuta wasiƙa da lissafin gado. Waliyyi ke tsaya wa mace wajen aure. Dillali da fatoma ke shaidar ciniki, su tsaya wa baƙo idan ya ci bashi ko ya ba da shi. Madugu ke daidaitawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Wanda ke da ƙara a fada kuwa sai ya nemi bafaden da zai shigar da shi, ya kuma san abin da zai riƙe a hannu na gaisuwa. Talaka bai cika samun adalci kyauta ba a wancan zamani, kuma babu amfanin a ƙawata abin. Amma aƙalla duk waɗannan mutane harshensa suke ji, a garinsa kuma suke kwana.

Ƙofa biyu

Sojan Faransa sun kama Damagaram a 1899, bayan yaƙin Tirmini. Shekara huɗu bayan haka, dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta tsara shari'a a dukkan Afirka ta Yamma ta Faransa, kuma a hankali tsarin ya iso yankin sojan da ya zama ƙasar mallaka ta Nijar a 1922. Dokar ta buɗe ƙofa biyu. Ta farko ta Faransawa ce da waɗanda aka ba matsayinsu: kotuna masu alƙalan da suka yi karatun doka, masu aiki da kundin Napoliyon na 1804 da kundin ciniki na 1807, da kotun ɗaukaka ƙara a Dakar. Ta biyu ta ƴan ƙasa ce: kotun gari, kotun lardi, kotun sarkal wadda kumandan ke shugabanta da dattawa biyu a gefensa. Nan al'ada ake bi, muddin ba ta saɓa wa abin da masu mulki suka kira ginshiƙan wayewar Faransa ba. An sake fasalin waɗannan kotuna a 1912 da 1924 da 1931, kuma kusan kowane gyara ƙara wa kumandan iko ya yi, ya rage na sarakai da alƙalai.

Lauya ta ƙofar farko kaɗai yake shiga. A kotun ƴan ƙasa mai ƙara da kansa yake tsayawa. Idan ya kasa, ɗan'uwansa ko wani dattijon garinsu ke tsaya masa. Hujjar masu mulki ita ce wai lauya zai tsawaita shari'a ya cinye dukiyar talaka. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma babban dalili a fili yake: kumandan shi ne mai karɓar haraji, shi ne mai kama mutane aikin tilas, shi ne alƙali, kuma ba ya son wanda zai buɗe littafi a gabansa ya ce masa doka ba ta ce haka ba. Ban da kotun ma akwai dokar andijena, wadda tun 1887 ta ba shi ikon ɗaure ɗan ƙasa har kwana 15 da cin sa tara har faran 100 ba tare da an zauna shari'a ba. Manya ma ba su tsira ba. A 1906, da aka zargi Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa da wasu fadawa da attajirin nan Malam Yaro da ƙulla makirci, bincike da hukunci duka a hannun masu mulki suka kasance. Aka tuɓe sarki, aka kai shi Kodibuwar.

Lauyan wancan zamani ma ba shi da cikakken ƴanci. Babban gwamna na Dakar ke naɗa shi, shi ke ƙayyade yawansu, shi ke iya korar wanda ya ga dama. Akasarinsu Faransawa ne mazauna biranen gaɓar teku, abokan cinikinsu kuwa manyan kamfanonin saye da sayarwa ne irin su CFAO da SCOA, masu sayen gyaɗa da fatu. Baƙar fata a cikinsu ɗaiɗai ne, kamar Lamin Gey na Senegal wanda ya sami digirin dakta a fannin doka a 1921. Akwai wani abu guda da ya rage daga wannan tsari har yau. A Faransa ta lokacin, mai rubuta takardun ƙara daban yake da mai tsayawa ya yi magana gaban alƙali; a ƙasashen mallaka, saboda ƙarancin mutane, sai aka haɗa wa mutum guda ayyukan biyu. Faransa kanta ba ta haɗa su a ƙananan kotunanta ba sai da dokar 1971. Gidan lauya mai yin komai da komai, tun daga shawara har zuwa jayayya, a Afirka ya fara zama ruwan dare.

To wa ya cike gurbin lauya a ƙofar ta biyu? Tafinta ne, da magatakardan bakin ofis mai rubuta wa mutane koke. Tsofaffin Zandar da Tawa sun bar labarai da yawa a kan tafinta, domin shi ke juya maganar mai ƙara zuwa kunnen kumandan, ya ƙara gishiri inda ya so, ya rage inda aka gaishe shi. A 1939 gwamnati ta buga kundin al'adun shari'a na yankin cikin littafi uku, na ukun ya haɗa da Nijar. Al'adar da a da ke numfashi a bakin dattawa sai ta koma rubutu da faransanci, a hannun wanda bai taso cikinta ba.

Shekarar 1946 ce ta tsaga bangon. Cikin ƴan watanni aka soke andijena, aka hana aikin tilas da dokar 11 ga Afrilu, aka soke hukuncin laifi na kotunan ƴan ƙasa da dokar 30 ga Afrilu, sannan dokar 7 ga Mayu mai ɗauke da sunan Lamin Gey ta mai da kowa ɗan ƙasa mai cikakken matsayi. Daga ranar, Bahaushen da aka tuhuma da sata ko kisa kotun Faransa ke yi masa shari'a, yana kuma da damar neman lauya. Layin nan na kare wanda ake tuhuma daga nan ya samo asali. Layin saɓanin ma'aikaci da mai gida ya biyo baya da kundin ƙwadago na ƙasashen ƙetare na 15 ga Disamba 1952, wanda ƙungiyoyin ma'aikata suka ƙwato da yajin aiki. Aure da gado da gona kuwa aka bar su inda suke.

Kotu ɗaya, doka biyu

Bayan ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960, sabuwar gwamnati ta yi kundin hukunta laifuffuka a 1961, sannan dokar 16 ga Maris 1962 ta rushe kotunan ƴan ƙasa ta haɗe shari'a a gida ɗaya. Ƙofa ta zama ɗaya, amma a cikin ɗakin doka biyu ce. A kan aure, saki, nasaba, gado, kyauta, wasiyya da filin da ba shi da rajista, alƙali al'adar masu ƙara zai bi, da taimakon mashawarta biyu masana wannan al'ada, waɗanda a ƙasar Hausa galibi malaman addini ne. Sauran al'amura kuwa rubutacciyar doka ce, kuma kundin Napoliyon, yadda Faransa ta bar shi, ya ci gaba da aiki. Dokar 2004 da ta 2018 sun riƙe wannan rabo, sai dai tun ta 2004 an ƙara sharaɗin kada al'ada ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta amince da su. An yi yunƙurin rubuta kundin iyali, ya ci tura a farkon shekarun 1990, ya sake cin tura a 2011.

Ga dalilin da ya sa aure da gado ke zuwa a ƙarshen jeri. Abin da lauya ya karanta a jami'a ba shi ne abin da ake hukunci da shi a waɗannan ƙararraki ba. Mashawarcin da ya haddace rabon gado ya fi shi amfani ga alƙali, mai ƙara kuma ya fi ganewa da shi.

A shekarun farko lauyoyin Yamai ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ɗan Nijar mai son karatun doka sai ya tafi Dakar, Abijan ko Faransa, domin jami'ar Yamai ba ta buɗe makarantar tattalin arziki da shari'a ba sai 1980. Siyasar lokacin ma ba ta bar wa sana'ar fili ba. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Shugaba Diori Hamani da kansa ya yi shekaru a tsare ba tare da an gurfanar da shi ba. Ina ga wanda ba kowa ba. Sai da Taron Ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya buɗe bakuna, sababbin layuka suka shigo: ƙarar zaɓe, ƙarar ɗan jarida, ƙarar hukuma a kan wuce gona da iri. Dokar 8 ga Yuni 2004 ta sake tsara sana'ar, da ƙungiyar lauyoyi mai zaɓen shugabanta da ladabtar da ƴaƴanta da kanta.

Abijan kusa, Katsina nesa

Abin da ya tsawaita saman jerin daga fatara ya fito. Kuɗin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, kamfanonin gwamnati suka durƙushe, babban bankin raya ƙasa, BDRN, ya rufe a 1990 da tulin bashin da ba a biya ba. Haka abin yake a maƙwabta. Masu zuba jari suna kukan cewa ba su san dokar da ke aiki ba, domin a ƙasashe da dama ana kafa kamfani ne da dokokin Faransa na 1867 da 1925, waɗanda ita Faransar ta daɗe da jingine su. Ranar 17 ga Oktoba 1993, a Port-Louis ta tsibirin Moris, aka sa hannu a yarjejeniyar OHADA, wadda babban alƙalin nan na Senegal, Keba Mbaye, ya jagoranci tsara ta. Wata uku bayan haka aka karya darajar sefa da rabi.

Dabarar OHADA mai sauƙin faɗi ce. Ministocin shari'a da na kuɗi na ƙasashen ƙungiyar su zauna su amince da doka guda. Da ta fita, ta hau kan dokar kowace ƙasa ba tare da ta bi ta majalisa ba. Na farko, a kan ciniki da kamfanoni da jingina, sun fara aiki ranar 1 ga Janairu 1998. Na bin bashi da na karyewar jari suka biyo, sai na sasanci ta hannun alƙalin da ɓangarori suka zaɓa a 1999, na jigilar kaya a mota a 2003, na ƙungiyoyin haɗin gwiwa a 2010, na shiga tsakani a 2017. Idan aka dubi takardar gidan lauya da kyau, rabinta na sama kusan sunayen waɗannan dokoki ne aka jera. Ƙarar da ta shafe su kuma, idan ta wuce kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ko ta Zandar, Abijan take nufa, inda kotun bai ɗaya ta ƙasashe 17 ke zaune. A 2014 ƙungiyar UEMOA ta ƙara da ƙa'idar da ta ba lauyan kowace ƙasarta damar tsayawa a kotunan sauran. A 2015 aka yi dokar kotunan kasuwanci, ta Yamai ta fara aiki a shekarar da ta biyo. Da haka aka sami abin da ake kira gidan lauya na yanki: ofis a Yamai, abokin aiki a Lome, ƙara a Abijan, doka ɗaya, harshe ɗaya.

Arzikin ƙarƙashin ƙasa ya ƙara nasa layuka. Yuraniyom na Arlit tun 1971, man Agadem da matatar da aka buɗe kusa da Zandar a 2011, duk yarjejeniyoyi ne masu shafuka ɗaruruwa. Sai dai mafi tsokar wannan aiki a waje ake cin ta. Da gwamnati ta janye lasisin Imuraren a 2024, ta kuma mai da kamfanin Somair na ƙasa a 2025, gaban masu sasanci na ƙasa da ƙasa aka kai rigimar. Akwai kuma layin kare suna da alamar kaya, wanda mutanen Tawa suka san zafinsa: a ƙarshen shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi hukumar OAPI da ke Yawunde ta ba shi haƙƙin irin albasa da sunan Galmi, sai da Nijar ta tashi tsaye. Daga baya aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista da sunan ƙasarsu.

Amma a nan akwai abin mamaki. Kasuwar Maraɗi ba Abijan take kallo ba, Katsina da Kano take kallo. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar kilomita ɗari ce ko ƙasa da haka, ta Ɗan Isa da Jibiya, alhali Nijeriya ba ta cikin OHADA. Dokarta ta gadon Ingila ce, da kotunan shari'ar Musulunci a arewa. Hukuncin da aka yanke a kan doka ɗaya da Kamaru ko Gabon, a bakin iyakar Jibiya yake tsayawa. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, sun gina dukiyarsu a kan amana tsakanin ubangida da baransa, da dillali, da surukuta, da tsoron zubewar mutunci a kasuwa. Bashin miliyoyi kan ƙare a zauren wani dattijo bayan sallar isha'i. Alhaji kan tuna da lauya ne ranar da banki ya turo masa manzon kotu, ko duwan ta riƙe masa kaya a hanyar Kotonu.

Gona da burtali

Rigimar da ta fi ci wa kudancin ƙasar tuwo a ƙwarya ita ce ta ƙasa, kuma nan ma lauya baƙo ne. Rajistar fili da Nasara ya kawo da dokokin 1906 da 1932 ta tsaya a birane. A ƙarshen Oktoba 1991, Taron Ƙasa na zaune, aka kashe fiye da mutum ɗari a Toda cikin jihar Maraɗi, akasarinsu mata da yaran makiyaya. Ƙasa da shekara biyu bayan haka aka fitar da ƙa'idojin kundin karkara na 2 ga Maris 1993, waɗanda suka ba mallakar gado ta al'ada daraja ɗaya da ta rubutu, suka kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo. Dokar sarautar gargajiya ta wannan shekara ta tabbatar wa maigari da sarkin kanto ikon sulhu, dokar kiwo ta 2010 ta ƙara kare burtali da mashaya. Ƙarar gona sai ta bi ta hannun sarakai tukuna, a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu, kafin alƙali ya saurare ta. Lokacin da ta iso kotun ɗaukaka ƙara, inda ake neman lauya, an riga an yi rantsuwa, shaidun farko wasu sun mutu, damina uku ko huɗu ta wuce.

Ƙarar wata mata daga Ƙonni

Duk da haka, akwai ranar da ƙasan jerin ya girgiza samansa. A 1996 aka sayar da Hadijatu Mani, tana da shekara 12, a kan jika 240, ta zama wahaya a gidan wani mutum a yankin Birnin Ƙonni. Dokar 13 ga Yuni 2003 ta mai da bauta babban laifi. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce matarsa ce, ba ta fita. Ta kai ƙara. Kotun farko ta ce babu aure tsakaninsu. Ta gaba ta warware wannan hukunci da sunan al'ada. Da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata shida a 2007 a kan wai ta yi aure kan aure, ta kuma shiga kurkuku.

Ƙungiyar Timidriya ta tsaya mata, da wani lauyan Yamai da ƙungiyoyin kare haƙƙi na Ingila, suka tsallake kotunan gida suka kai ƙasar Nijar kanta gaban kotun CEDEAO. Kotun ta taso ta zauna a Yamai. Ranar 27 ga Oktoba 2008 ta yanke cewa an bautar da Hadijatu, hukumomin ƙasa kuma sun gani ba su kare ta ba, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Gwamnati ta biya. Wannan ƙara ta nuna abin da sana'ar ke iya yi idan ta sauko ƙasa: aure ne, al'ada ce, ƙauye ne, duk abubuwan da aka ce ba na lauya ba ne, amma sai da aka sami wanda ya san yarjejeniyoyin da ƙasa ta sa wa hannu, ya san kuma wace kotu ke iya tilasta su. Hanyar da aka bi kuwa ta toshe wa masu zuwa, tun da ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. OHADA da UEMOA suna nan. Kotun ɗan kasuwa ta yanki ta rage, ta wahaya ta tafi.

Masu tsayawa a madadin lauya

A shekarun 2010 lauyoyin ƙasar duka ɗari da ƴan kai ne, kusan dukkansu a Yamai, ga jama'ar da ƙidayar 2012 ta ce ta haura miliyan 17. Mutumin Tanut ko Dakwaro da ke son lauya sai ya biya kuɗin aiki, ya biya na mota, ya biya na masauki. Ƙa'idar UEMOA ta 2014 ta ce lauya na iya tsaya wa mutum tun daga sa'ar da aka kama shi. A gidan jandarma na ƙauye wannan magana ba ta da wanda zai cika ta.

Gurbin sai wasu suka shiga. Ƙungiyar ANDDH, wadda aka kafa a 1991, da ƙungiyar mata masana doka, sun buɗe ɗakunan ba da shawara kyauta a jihohi, suka horar da mutanen gari su san abin da doka ta ce a kan tsarewa da saki da gado. Dokar 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar taimakon shari'a ta ƙasa domin marasa hali. Inda kuma babu lauya, kotu kan naɗa wa yaro ko wanda ake tuhuma da babban laifi mai kariya daga cikin masu ilimin gari waɗanda ba lauyoyi ba ne, sau da yawa malaman lakwal ko tsofaffin ma'aikata. Dattijon nan da dokar Nasara ta yarda ya tsaya wa ɗan garinsu ya dawo ke nan, sai dai yanzu da alli a aljihunsa. Wasu cikinsu sun yi aikin da ya fi abin da ake biyan su nesa ba kusa ba. Amma mutumin da ke fuskantar ɗaurin rai da rai, wanda aka ba mai kare shi takardun ƙarar kwana kaɗan kafin zama, ba a ce an ba shi abin da aka ba banki ba.

Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Dokokin OHADA, da kundin Napoliyon, da hukuncin da magatakarda ke bugawa, da ita kanta ƴar takardar mai ninki uku, da faransanci aka rubuta su. A zauren kotun Maraɗi alƙali na iya zama Bahaushe, mai gabatar da ƙara Bahaushe, wanda ake tuhuma Bahaushe, mai kare shi mushen da ya koyar da ƴaƴansu duka. A yi tambaya da Hausa, a ba da amsa da Hausa, magatakarda kuma ya duƙa ya rubuta ta da faransanci, a miƙo wa mai ita ya dangwala yatsa.